Layar 'Yar Randa

Shafi na 23

Salamu alaikum jama'ata. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rantse in Fadil bai shiga mota ba za ta biyo ni har gida. Gidana ba ɓoyayye ba ne, amma ki karanta tukuna kafin ki ɗaura ɗamara. Wanda yau ya fara leƙo mu kuma ya samu wuri ya zauna, ba zai ɓata ba.

*

Rumfa huɗu Alhaji Sanni ya sa aka kafa a ƙofar gidansa da ke unguwar Moshi Zango a Kumasi, duk da haka mutane sun fi kujeru yawa. Mutanen Wungari ne, na Tudu a dama, na Kwari a hagu. Shekara bakwai ke nan da suka ƙone garinsu da hannunsu a kan rigimar gona, suka gudo Kumasi kowa da abin da ya iya ɗauka. Yanzu an yi sulhu, ranar Litinin motoci uku za su kwashe su a koma a fara gini.

Sai dai ba kowa ne zai shiga motar ba.

A al'adar Wungari, duk wanda aka gani da makami ko wuta a hannu ranar rikici, ba ya sake taka garin sai wanda ya cuta ya miƙa masa ƙwarya da ruwan rijiyar garin, ya sha a gaban jama'a. A galan aka taho da ruwan tun daga arewa. Tun hantsi ake abu ɗaya, maza goma sha ɗaya sun sha, an yi kuka an rungumi juna. Saura suna ɗaya a takarda.

Malam Abdul-Karim, shugaban kwamitin sulhu, dattijon da Tudu da Kwari duk suke rusunawa in zai wuce, ya gyara tabarau.

"Fadil ɗan Hamamatu."



Fadil ya taso daga can baya. Shekararsa goma sha bakwai, dogo ne siriri, ya sa rigarsa ta salla amma baƙin man garejin da yake aiki a unguwar Tafo bai bar faratansa ba. Ya zo tsakiya ya durƙusa a kan tabarma, kansa a ƙasa.

"Mai hakki a kansa, Hajiya Azaratu."

Aka cika ƙwarya aka kai gabanta. Hajiya Azaratu mai shagon atamfa a unguwar Alabar ko kallon ruwan ba ta yi ba. Ta ɗaga tafin hannunta ta rufe bakin ƙwaryar.

"Ban yafe ba."

Hamamatu, uwar Fadil, ta rarrafo daga cikin matan Kwari, mayafinta na jan ƙasa.

"Hajiya, me pa wo kyew, ina roƙonki, ki dubi Allah. Shekararsa goma lokacin. Goma fa! Shi kaɗai ya rage mini. In na koma babu shi, wa zan koma wa?"

"Tashi Hamamatu, ba ke kika yi mini ba."

"Hajiya..."

"Na ce ki tashi! Da idona na gan shi, ba labari aka ba ni ba. Ina dawowa daga rafi aka ja ni cikin dawa aka danne mini baki. Daga nan na hango yaron nan da wuta a hannu, ya cilla ta kan ɗakina, 'yata tana ciki tana barci. Ba don Allah ya aiko mala'ikansa ba, da yau toka nake kira Basma."

Mata suka ɗauki salati.

To, wannan labarin babu wanda bai san shi ba daga Moshi Zango har Alabar. Bayan wuta ta mutu an tarar da Basma, 'yar shekara biyar, zaune a cikin babbar randar tsakar gida, ruwa iya ƙirjinta, an rufe bakin randar da jiƙaƙƙen buhu. A wuyanta ga wata jar laya da babu wanda ya san ta a gidan. Randar kuwa ta fi yarinyar tsawo. Shi ke nan aka ce aikin mala'ika ne, aka sa mata 'Yar Randa. Har yau masu ciki sukan tare ta a hanya su shafa kanta, layar kuma ko wanka za ta yi ba a cire mata.

Malam Abdul-Karim ya yi ajiyar zuciya.

"Ba a yafiya dole. Fadil, ka ji. Allah ya sanyaya zuciyarta wata rana, amma motar Litinin..."

"Malam, a gafarce ni."

Duk aka juya.

Hikima ce, jikar Alhaji Sanni, malamar firamare, 'yar shekara ashirin da huɗu. Ita ce ke tara yaran Wungari duk Asabar a zauren kakanta, ƙungiyar da suka sa wa suna Muryar Ƙanana. Wata uku tana bin kwamitin nan ƙafa da ƙafa a kan a ba yara minti goma kacal su yi magana, wata uku ana ce mata a dawo gobe.

Ta cire takalmi ta shigo tsakiya ta rusuna.

"Malama Hikima," in ji Malam, "mun gama wannan maganar. Yara ba sa magana a zaman sulhu."

"Na sani, Malam."

"To?"

"Tambaya ɗaya gare ni. Ranar da aka danƙa wa Fadil wuta, an ce masa shi yaro ne, ya koma gida?"

Wani daga cikin mazan Kwari ya yi tsaki.

"Ei! Wannan yarinya ba ta da kunya koraa, ko kaɗan."

Hikima ba ta ko waiwaye shi ba.

"Da za a ba su wuta, sun isa. Da za a gudu da su cikin daji ba takalmi, sun isa. Yau da za a yanke wanda zai koma gida da wanda zai zauna, yau ne suka zama yara? Malam, garin nan da za ku gina, su ne za su tsufa a cikinsa. Ku dube su."

Ta nuna bayan igiyar da aka ja a bakin rumfa. Yara sun fi talatin a tsaye cikin rana, kusa da kwata, babu mai wasa babu mai dariya. Ni kaina da na waiga sai da tsigar jikina ta tashi, don ban taɓa ganin yaran Zango sun yi shiru haka ba.

Malam ya girgiza kai.

"'Yata, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

"Gaskiya ne Malam. Amma abin da ya faru a cikin randa, wanda ya zauna a ciki ne ya sani."

Hajiya Azaratu ta zabura.

"Kul! Kada ki sako mini 'ya a cikin wannan shirme."

Alhaji Sanni, da tun ɗazu yake ɓare goro da 'yar wuƙarsa kamar ba ya wurin, ya yi gyaran murya. Tsohon falken goro ne, shi ya sauki rabin mutanen nan a gidajensa lokacin da suka iso Kumasi ba su da ko tabarma.

"Malam, wannan matar tawa in ta kafe, ko ni mai gidan ba na cin tuwo lafiya." Aka ɗan yi dariya, don kowa ya san wasan kaka da jika. "Ban san al'adar Wungari ba. Amma nan ƙofar gidana ce, kuma a gidana ko kaza ta yi kuka ana leƙawa a ga me ya same ta. A ba su minti goman."

Wa zai musa wa mai masauki? Malam ya ɗaga hannu alamar to.

Hikima ta juya wajen igiya.

"Basma. In kin fasa babu komai, babu mai tilasta miki."

Yarinyar ta sunkuya ta ƙarƙashin igiya ta shigo. Shekararta goma sha biyu, hijabinta fari. Ta tsaya tsakanin uwarta da Fadil.

"Mma, ki yafe mini."

"Basma, wuce gida."

"Mma, ba mala'ika ba ne."

Sai ka ce an ɗauke wuta a gidan biki.

"Me kika ce?"

"Ba mala'ika ne ya sa ni a randa ba. Mutum ne."

"Shekararki biyar lokacin, me kika sani? Wannan malamar ce ta kitsa miki!"

"Wallahi ba ita ba ce, ni na gaya mata. Na sha gwada gaya miki, sai ki rufe mini baki ki ce kada in yi saɓo." Hawaye suka zubo mata. "Mma, mala'ika yana kuka? Wannan kuka yake yi, majina har baki. Ya ɗauke ni ya faɗi da ni sau biyu, don na yi masa nauyi. Ya jawo turmi ya taka, sannan ya iya jefa ni a ciki."

Wata tsohuwa a cikin matan Tudu ta dafe ƙirji.

"Turmin! Wallahi mun tarar da turmi a gindin randar. Na ce wa ya kawo turmi nan?"

"Ya ce mini in yi shiru akwai maza a waje da adduna," Basma ta ci gaba. "Ya cire wannan daga wuyansa ya rataya mini. Ya rufe ni da buhu. Sai na ji wani abu ya faɗo, na ji ya ce wayyo Mma. Mala'ika yana da Mma?"

Ta share hawaye ta ci gaba.

"Shekara biyu da suka wuce na je Tafo kai saƙo, na ji wani yana magana a gareji. Ban ga fuskarsa ba, muryar na gane."

Ta juya ta dubi Fadil.

Sai a lokacin ya ɗago kai. Idanunsa sun yi ja, kuma abin da ya fito daga bakinsa ba shi kowa ya zata ba.

"Ƙarya ne. Ba ni ba ne."

Hikima ta yi sororo.

"Fadil?"

"Anti Hikima, na roƙe ki ki bar maganar nan, kin ƙi. Basma, don Allah ki koma. Ni na sa wutar, Hajiya ta faɗi gaskiya. A bar ni a Tafo, na yarda. Mma ki tafi, zan riƙa zuwa bakin iyakar gari muna gaisawa."

Hamamatu ta ɗora hannu a ka.

"Wannan yaro zai kashe ni!"

Jama'a, ni ma a nan na rasa gane kan Fadil. Ga ƙofa an buɗe maka, kai kuma kana turawa da ƙafa? Har na fara jin haushinsa, Allah ya sani.

Hajiya Azaratu ta yi wata dariya mai ɗaci.

"Kun ji ko? Shi da bakinsa. Basma, wuce mu tafi."

Basma ba ta motsa ba. Ta sa hannu cikin hijabi, ta zaro layar ta kan kanta. Shekara bakwai rabon da layar nan ta bar wuyanta, har fatar ta yi baƙi-baƙi don gumi, jan ya rage a gefe-gefe.

"A buɗe ta."

Wuri ya kaure.

"Subhanallahi!"

"Ba a buɗe laya!"

"Yarinya za ki jawo wa kanki!"

Alhaji Sanni ya buga sandarsa a ƙasa har sau uku kafin a saurara.

"Ni dai na yi yawon goro har na tsufa, na rataya laya ta fi ashirin. Abin da na sani, malami ba ya naɗe laya sai ya rubuta sunan mai ita da sunan uwarsa a ƙasa. Haka ne ko ba haka ba, Malam?"

Malam Abdul-Karim ya daɗe kafin ya ce, "Haka ne."

"To in daga sama ta zo, ba za a ga sunan kowa ba. In kuma ta mutum ce, takarda ba ta jin kunyar kowa. Amma 'yarki ce, Hajiya. Sai abin da kika ce."

Hajiya Azaratu ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi. Shekara bakwai tana ba da labarin nan a gidan suna da gidan biki, ko kokwanto ba ta taɓa yi ba.

"A buɗe! A buɗe kowa ya gani, a daina yi wa Allah ƙarya a kan 'yata."

Alhaji ya goge wuƙar goronsa a hannun riga, ya karɓi layar, ya bi ɗinkin a hankali yana tsinkewa. Ana jin ƙarar motocin haya na trotro can bakin titi, don a nan ko tari babu mai yi. Fata ta buɗe, ga zare, ga takarda an ninke ta ƙanana-ƙanana, ta yi ruwan ƙasa.

"Idona ya mutu," in ji Alhaji. "Basma, kai wa Malam ya karanta mana."

Fadil ya yi wani kukan kura ya miƙe.

"A'a! Kada ku ba Malam! Ku ba kowa, ban da Malam!"

Maza biyu suka riƙe shi. Yana fizgewa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Don girman Allah ku bar ta! Sulhun zai lalace, ku bar ta!"

Amma takarda ta riga ta isa hannun Malam.

Ya warware ninki na farko. Ya warware na biyu. Da ya buɗe na uku sai hannunsa ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake dubawa. Waɗanda ke kusa sun ce leɓensa na motsi amma babu abin da ke fita.

"Malam, muna jinka," in ji Hajiya Azaratu.

Ta matso kusa da shi.

"Malam, babu suna ko? Faɗa musu!"

"Akwai suna."

Muryar kamar ba tasa ba.

"Fadilu... ɗan Hamamatu."

Allahu Akbar! Kabbarar da ta tashi a wurin nan, na tabbata an ji ta har kasuwa. Mata suka zube, maza suka cire huluna. Tsohuwar nan ta turmi sai faɗi take, "Yaro ne ashe, yaro ne ashe." Ni kuwa biro ya faɗi daga hannuna ban sani ba.

Hajiya Azaratu ta koma kan kujera daɓas. Ta dubi 'yarta, ta dubi Fadil, ta sake duban 'yarta.

"Kai..." Ta nuna shi da yatsa. "Kai ne?"

Mazan suka sake shi. Ya sulale kan tabarma.

"An ce mini babu kowa a gidan, Hajiya. Wallahi haka aka ce mini. Da na cilla sai na ji kuka."

"Ka shiga?"

"Na shiga."

"Cikin wutar?"

"Ba ta kama sosai ba lokacin. Na so in fito da ita, sai na ji su a ƙofar gida. In sun ga 'yar Tudu a hannuna..." Ya haɗiye sauran. "Randar ce kawai na gani."

Hamamatu ta matso da gwiwa, ta kama rigar ɗanta ta baya ta ɗaga sama. Bai hana ta ba. Daga kafaɗa har ƙugu fatar bayansa a tattare take, fari da baƙi, tsohon tabon ƙuna.

"Ya ce mini faɗuwa ya yi a kan garwashi wajen gudu," ta faɗa tana kuka. "Wata huɗu yana kwana a kan cikinsa. Wata huɗu! Na tambaye shi ina layarsa, ya ce ta faɗi a daji. Na mare shi a kan haka, Hajiya. Na mare shi!"

Hikima ta durƙusa a gabansa, ita ma fuskarta sharkaf.

"Fadil, wannan ba ka gaya mini ba. Me ya sa ka cire layar?"

Ya share hanci da bayan hannu.

"An ce mana duk wanda ya rataya ta, wuta ba ta cinsa, ƙarfe ba ya kama shi."

"Ka yarda da haka?"

"Na yarda mana, Anti. Shekarata goma."

"Ka yarda ita ce ke tsare ka, kuma ka cire?"

"Guda ɗaya ce. Ita kuma ƙarama ce."

Wallahi jama'a ban san yadda zan rubuta muku abin da ya sauka a wurin nan ba. Mutum ɗari biyu, manya masu furfura, kowa ya kasa kallon yaron. Shekara bakwai suna neman mala'ika a sama, ashe yana Tafo a ƙarƙashin mota yana kwance ƙusa, su kuma suna tofar da yawu in ya wuce. Alhaji Sanni da ban taɓa ganin hawayensa ba ya ja hula ya rufe fuska.

Hajiya Azaratu ta daɗe tana kallon tabon. Da ta buɗe baki, muryarta ta sauka ƙasa ƙwarai.

"Wa ya ce maka wuta ba za ta ci ka ba?"

Fadil ya sunkuyar da kai.

"Wa ya rataya wa ɗan shekara goma laya ya tura shi gidan mutane?"

"Na manta, Hajiya."

"Ba ka manta ba. Shi ya sa ka gwammace a bar ka a Tafo. Wane ne?"

"Hajiya, ki bar shi. An riga an yi sulhu, kowa ya sha ruwa. In na faɗa, motar nan ba za ta tashi ba."

"Ba sai ya faɗa ba."

Malam Abdul-Karim ne. Ya miƙe tsaye da takardar a hannunsa. Ya kwance rawaninsa da hannu ɗaya, ya ajiye a kan tebur, ga kansa fari fat a waje.

"Rubutuna ne."

Babu kabbara wannan karon.

"Ni na rubuta ta, da safiyar ranar. Aka kawo mini yara, aka ce tsaron gari za su yi. Ban tambaya ba, don ban so in ji amsar ba. Na rubuta, na tofa, na rataya musu da hannuna." Ya dubi Fadil. "Shekara bakwai yaron nan yana bin sallah a bayana. Kullum ina jiran ranar da zai tona ni. Yau na kira sunansa a gaban jama'a, na ce ba zai shiga mota ba, kuma ya rufa mini asiri."

"Guda nawa?" in ji Hikima.

"Malama..."

"Malam, layu nawa ka rubuta?"

"Goma sha tara."

Mazan Tudu suka fara miƙewa. Na Kwari ma suka miƙe. Kujeru suka fara ƙara, irin ƙarar da duk wanda ya ga ranar Wungari ya san abin da ke biyo bayanta.

"Ku zauna!"

Hajiya Azaratu ce ta daka tsawar, kuma suka zauna. Ta ɗauki ƙwaryar daga kan tebur da hannu biyu. Ta yi taku ɗaya ta kasa.

"Basma, zo. Ni ba ni da fuskar da zan kai masa. Ke ce mai hakkin, ke za ki ba shi."

Tun da aka kafa Wungari yaro bai taɓa riƙe ƙwaryar sulhu ba. Na duba fuskokin dattawan ɗaya bayan ɗaya, ina jiran wanda zai ce al'ada ta hana. Babu wanda ya hana.

Basma ta karɓa. Ta taka a hankali har gaban Fadil, ta durƙusa, ta miƙa masa.

"Yaya Fadil, sha."

Ya karɓa da hannu biyu. Hamamatu ta fara guɗa tana kuka a haɗe.

Ya kai ƙwaryar kusa da baki. Sai ya tsaya.

"Sha mana!" in ji uwarsa. "Fadil, sha! Ka san in ƙwarya ta taɓa ƙasa ba a sha ba, ba a sake miƙa ta har abada!"

Ya miƙe tsaye da ita a hannu, ya juya wajen Malam.

"Malam, ka ce goma sha tara."

"Na ce."

"A cikinmu ni kaɗai ne a takardarka, don ni kaɗai aka gani. Sauran fa? Waɗanda suke tsoron a sani, ko barci ba sa iya yi? In na sha na shiga mota, su haka za su koma, da abin a wuyansu har su mutu?"

"Fadil, ban san inda suke ba. Wallahi ban sani ba."

"Ni na sani."

Ya juya ya dubi bayan igiya.

Hikima ta bi idonsa. Yaranta ne, 'yan Muryar Ƙanana, waɗanda take zama da su duk Asabar shekara uku, ta san sunan kowa da ajinsa da abin da yake so ya zama. A layin baya, inda manyan cikinsu suke tsayawa, wani ya sa hannu a wuyan rigarsa.

Ya zaro jar laya ya ɗaga sama.

Na kusa da shi ya zaro tasa.

Sai wani. Sai wani can gefe.

Wata mata a cikin rumfar Kwari ta ƙwalla ƙara, don ta gane ɗanta.

Hannu bakwai Hikima ta ƙirga a sama kafin hawaye su rufe mata ido.

"Fadil, don Allah ka sha!" Hamamatu ta kama ƙafarsa. "Hannunka na rawa, za ta faɗi!"

Ya ƙara riƙe ƙwaryar, ruwan na kaɗawa har baki.

"Mma, tare aka rataya mana. Ba zan sha ni kaɗai ba."

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"A kwance igiyar nan."